Wayoyi da yawa, adireshi ɗaya

Ɗan'uwa na Aboabo, ka tambayi dalilin da wayoyin gidanku duka suke nuna adireshin IP ɗaya, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet. Aikin NAT ne, wato dabarar sauya adireshi tsakanin gida da waje. Rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, takan ba kowace waya lambar cikin gida, irin 192.168.1.5, wadda ba ta aiki a waje. In saƙo zai fita, sai ta sauya lambar da adireshin da kamfanin sadarwa ya ba ta, ta haɗa da lambar ƙofa, ta rubuta a kundinta. In amsa ta dawo, ta duba ta miƙa wa mai ita, kamar maigida a zango mai karɓar wasiƙun baƙinsa. Ana yin haka ne domin adireshin IPv4, wato tsohon tsarin IP, kusan biliyan 4.3 ne kawai, dole a yi tsimi. Amma ka kula, kyamarar gidanka ba za ka gan ta kai tsaye daga waje, kamar kasuwar Kejetia, ba sai ka buɗe mata ƙofa a saitin rautar.