Tambaya da Amsa: Wace Tsirkiya Ta Dace da Jitar Bes Ɗinka?

Wasiƙun da suka iso wa wannan fili a wannan wata galibinsu a kan tsirkiyar jitar bes ne, don haka muka tattara su wuri guda.

Tambaya: Na sayi bes na hannu mai tsirkiya huɗu, duk sun yi tsatsa. A shago na ga kwalaye masu lambobi kamar 45-100, 45-105 da 50-110. Me suke nufi, kuma wanne zan ɗauka? Daga mai karatu a Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka kula da waɗannan lambobi, fara auna jitarka. Ɗauki tef ɗin awo ka auna daga ƙaramin jaki, wato ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa a kusa da kan jitar, zuwa firet na 12 (firet su ne siraran ƙarafan da aka jera a gicciye a jikin wuyan jitar), sai ka ninka biyu. Idan ka sami inci 34, wato kusan santimita 86, jitarka irin gama-gari ce, tsawon da kamfanin Fender ya fito da shi a kan Precision Bass a 1951, kuma kwalin da aka rubuta wa Long Scale shi ne naka. Idan inci 30 ka samu, gajeruwa ce. Akwai kuma ta inci 32 da ta 35. Wannan awo ya fi komai muhimmanci, domin idan ka ɗaura doguwar tsirkiya a gajeruwar jita, ɓangarenta mai kauri zai naɗu a jikin kunnen ɗauri, kuma ta E, wato mafi kauri a cikin huɗun, takan karye a daidai wurin. Idan kuma tsirkiyar ce ta gaza tsawo, siririn bakinta ko zaren da aka naɗe shi da shi zai hau kan ƙaramin jaki, sauti ya lalace. Jitar da tsirkiya ke ratsowa ta bayan jikinta tana cin ƙarin tsawo, ka lura da wannan ma.

Lambobin kuwa kaurin tsirkiya ne, an kasa inci gida dubu. 45 ita ce mafi siranta, ta G, kaurinta ya ɗan haura milimita 1. 105 ita ce ta E, kusan milimita 2.7. Siririya ta fi taushi a yatsa amma tana saurin bugun firet idan hannunka na da nauyi. Mai kauri ta fi ɗaurewa da cika kunne, sai dai tana gajiyar da hannu. Shawararmu ga wanda bai riga ya san hannunsa ba: 45-65-85-105, irin su D'Addario EXL165 ko Ernie Ball Hybrid Slinky. Yawancin jitoci da kauri makamancin wannan suke fitowa daga kamfani, saboda haka ba za ka sha wahalar gyaran saiti ba.

Tambaya: Ina kaɗa bes a ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Duk lokacin da na ja yatsa a kan tsirkiya sai a ji ƙiii a lasifika, ga kuma sautin ya cika kaifi. An ce in koma masu santsi. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: 'Yar'uwa, an ba ki shawara mai kyau, amma ki san abin da za ki samu da abin da za ki rasa. Kowace tsirkiyar bes tana da siririyar wayar ƙarfe a tsakiya, an naɗe ta da wata waya. Idan wayar naɗin zagayayya ce, jikin tsirkiya zai yi kaushi, kuma ramukan da ke tsakanin naɗin su ne ke kawo ƙarar da kike ji. Su ne kuma ke ba da kaifi da doguwar amsawa. Kamfanin Rotosound na Ingila ne ya yaɗa wannan iri a shekarun 1960, tare da John Entwistle na ƙungiyar The Who, wanda ke son bes ɗinsa ya fito fili a cikin hayaniyar kiɗa. Idan kuwa wayar naɗin shimfiɗaɗɗiya ce kamar ƙyalle, jikin zai yi sumul, sautin ya yi zurfi, ya faɗo dum ya tsaya da wuri. Irin wannan makaɗin bes James Jamerson ya riƙa amfani da ita a faya-fayen kamfanin Motown a Detroit, samfurin La Bella mai kauri, kuma an san shi da daɗewa bai canza ta ba.

Ga kiɗan da aikin bes a cikinsa shi ne riƙe ƙasa a bayan muryoyi, ko rege, mai santsi ta dace ƙwarai. Tana da wata fa'ida babba a ƙasarmu: ba ta da ramukan da ƙura da gumi za su maƙale, don haka saiti ɗaya na iya yin shekaru. Kuɗinta ya fi na mai kaushi, amma a kan dogon lokaci ita ce mai araha. Ba ta cin firet sosai, kuma ita ta fi dacewa da jitar da ba ta da firet, domin mai kaushi tana sassaƙe katakon.

Abin da za ki rasa shi ne salon mari da fizga, wato bugun tsirkiya da babban yatsa da fizgo ta da wani yatsa, wanda masu kiɗan bishara na zamani ke yawan yi. Mai santsi ba ta ba da wannan tas-tas ɗin yadda ake so. Kuma ta fi tauri a hannu ko da lambar ɗaya ce, saboda haka idan kin saba da 45-105, ki nemi 45-100 ko 40-100. Idan jitar ɗaya ce kuma kuna haɗa salo biyu, ki tsaya a kan mai kaushi ta nikel, ki rage maɓallin kaifi na jikin jitar zuwa rabi, ki kuma koyi ɗaga yatsa kaɗan yayin sauya wuri maimakon jan sa. Rabin ƙarar nan daga hannu take.

Tambaya: Sabbin tsirkiyoyina ba sa wuce sati uku sai sautinsu ya dushe. Abokina ya ce in dafa su. Daga mai kiɗan biki a Yamai.

Amsa: Gumi, maiƙon fata da ƙura ne ke cika tsakanin naɗin, sai tsirkiya ta kasa kaɗawa sosai. Dafawa na aiki, amma na ɗan lokaci. A tafasa su minti 10 zuwa 15 a tukunyar da ba ta abinci ba, a goge, a shanya su bushe sarai kafin a mayar, domin ruwan da ya rage a ciki zai sa wayar tsakiya tsatsa. Mun fi son a jiƙa su kwana ɗaya a cikin sifirit, a rufe a kwalba nesa da wuta, tunda shi yana bushewa da kansa. Kada a maimaita fiye da sau biyu: kwancewa da ɗaurewa na raunana ƙarfen a inda ya lanƙwashe, kuma babu wankin da zai gyara wurin da firet ya riga ya ci.

Rigakafin ya fi sauƙi. Wanke hannu kafin kiɗa, ka goge kowace tsirkiya sama da ƙasa da busasshen ƙyalle bayan an tashi, ka mayar da jita cikin jakarta, musamman da hunturu. Idan guminka mai cin ƙarfe ne, gwada ta sitenles, wadda ta fi jure tsatsa, ko da yake ta fi kaushi da kaifi kuma ta fi cin firet. Ko kuma masu siririn rufi irin na Elixir, waɗanda rufin ke hana datti shiga.

Sai batun jabu, wanda ya yi yawa a kasuwa. Idan farashi ya yi ƙasa fiye da kima, rubutun kwali ya yi dishi-dishi, ko ka ga ɗigon tsatsa tun a leda, ka bar su. D'Addario na buga lamba a jikin ledar ciki wadda ake iya tantancewa a shafinsu na intanet.

Tambaya: Na tashi daga 40-95 na koma 50-110. Yanzu tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, dannawa sai da ƙarfi, kuma sautin ba ya daidai a can ƙasan wuya. Na lalata jitar ne? Daga mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ba ka lalata ta ba, Malam. Matsakaicin saiti na tsirkiya huɗu yana jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 85, kai kuma ka ƙara a kan haka, sai wuyan ya ranƙwafo gaba. Gyaran mataki uku ne, kuma dole a bi su a jere.

Fara da wuya. Bayan ka daidaita sauti, danne ta E a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, wani ya taya ka, ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na 8. Abin da ake so kusan milimita 0.3 ne, kaurin katin kasuwanci. Idan ta fi haka, sassauta tsirkiyoyin kaɗan, ka sa alankin da ya yi daidai da bakin sandar ƙarfen da ke cikin wuya, ka juya dama kwatan zagaye ɗaya kawai. Sake ɗaure sauti, ka ba katako 'yan awoyi, ka sake dubawa. Idan sandar ta cije, tsaya nan ka kai wa mai gyara. Karyewarta babbar asara ce. Bayan wuya ya daidaita, sai ka koma kan babban jaki, wato inda tsirkiyoyi ke zaune a jikin jitar, ka saita tsayi: a firet na 17, kusan milimita 2.4 a ƙarƙashin ta E, milimita 2 a ƙarƙashin ta G. Na ƙarshe, gwada sautin firet na 12 da na'urar saiti. Idan ya haura, ja mazaunin tsirkiyar baya, nesa da wuya. Idan ya gaza, turo shi gaba.

Duba ramukan ƙaramin jaki kuma. An yanka su daidai da tsohon kauri, kuma idan 110 ta zauna a saman rami maimakon cikinsa, za ta iya tsaga shi. Faɗaɗa ramin aikin mai gyara ne, kuma ba a mayar da shi.

Tambaya: Na yanke sabuwar tsirkiya na ɗaura, sai ta fito a mace tun ranar farko. Me ya faru? Daga mai karatu a Garwa.

Amsa: Wataƙila wayar tsakiyarta zagayayya ce, kamar DR Hi-Beams. Wayar tsakiya mai kusurwa shida tana riƙe naɗinta da kanta, amma zagayayya idan aka yanke ta kai tsaye naɗin na zamewa. Ƙa'idar ita ce a lanƙwasa sosai da filaya tukuna, sannan a yanke bayan lanƙwasar. Ka bar santimita 10 zuwa 12 bayan kunnen da za ta hau, ka cusa bakin cikin ramin tsakiyar kunnen, ka juya kunnen da kansa har ta yi zagaye biyu zuwa uku, kowane zagaye a ƙarƙashin na baya. Kada ka naɗa ta da hannu a jikin kunnen, domin hakan na murɗe ta, kuma murɗaɗɗiyar tsirkiya ma a mace take fitowa. Daga nan danna ta da babban yatsa a gaban babban jaki don ta kwanta, ka ja ta a hankali, ka sake saiti har ta daina sauka.

Tambaya: Ta biyar a jitata, wato B, tana lilo kuma sautinta ba ya fita. Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Idan 125 ce, koma 130 ko 135. Nemi wadda aka sirance bakinta na wajen jaki, ta fi zama daidai. Ka kuma sauke maganaɗisun ɗaukar sauti kaɗan a ɓangarenta, domin idan ya matso da yawa yana riƙe kaɗawarta.

Tambaya: Ɗaya ce ta tsinke. Dole in canza duka? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Idan saitin bai wuce wata ɗaya ba, sa guda ɗaya mai lamba da iri ɗaya. Idan ya tsufa, sabuwar za ta fi sauran ƙara da kaifi, don haka canza duka, ka ajiye tsofaffin da suka rage a jaka don ranar da wata za ta tsinke ana tsakiyar biki. Kafin ka ɗaura, shafa yatsa a mazaunin da ta tsinke. Idan ka ji kaifi, goge shi da lallausar sanfefa, in ba haka ba sabuwar ma a nan za ta tsinke.