Ko doki zai iya jan garma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji ingarma ɗan shekara huɗu daga mahaifina, ba ya aikin komai sai hawan Sallah, ga shi kuɗin shanun noma ya fi ƙarfina. Zan iya koya masa aikin gona? Daga wani manomi a Gumel.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan mahaifinka. Zai iya, Malam, shekarunsa ma sun kai. A ƙasar Sanagal, yankin da ake noman gyaɗa, dawakai ne ke jan injin shuka da ƙaramar garmar cire ciyawa, kuma ƙasarsu jigawa ce irin taku ta Gumel.

Amma don Allah kada ka ɗora masa karkiya. Sa da wuya da tozo yake ja, doki kuwa da ƙirji da kafaɗa. Itace a wuyan doki shaƙe shi zai yi, ya kuma ji masa ciwo. Ka je wurin baduku ya ɗinka maka faffaɗar ɗamarar fata da za ta zauna a ƙirjinsa, ƙasa da maƙogwaro, a yi mata shimfiɗa mai laushi ta ciki. Babbar garmar Emcot ta huɗa kuwa, ta shanu biyu ce, ta yi wa doki ɗaya nauyi.

Da rani ake fara horo. Ka ɗaura masa ɗamarar yana kan turke har ya saba da ita. Daga nan ka riƙe dogayen igiyoyi biyu daga linzami, ka bi shi a ƙasa ta baya, yaro na riƙe da ragama a gaba, kana amfani da kalma ɗaya tak ta tafiya, ɗaya ta tsayawa. Tsayawar ce babba. Dokin da ya saba da sukuwa gaban sarki, da ya ji abu na jan ƙasa a bayansa sai ya zabura, kuma garma a bayan dokin da ya firgita tana karya ƙafa. Sai ka ga yana tsayawa cak da murya, sannan ka ɗaura masa ƙaramin gungume, daga baya kuma amalanke marar kaya.

In damina ta faɗi, ku fita da asuba, ku tashi kafin rana ta take. Kullum ka shafa ƙirjinsa da hannu. In ka ji wurin da zafi ko gashi ya fara zubewa, a hutar da shi. Ka ƙara masa dawa da dusa da harawa, don ciyawa kaɗai ba ta riƙe dokin da ke aiki.