Tambaya da Amsa: A yi wa jaririna baftisma ko a bari sai ya girma?

Tambaya: Baba Fasto barka da aiki. Ni 'yar EYN ce (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), mijina kuma ɗan Lutheran ne daga Numan. Allah ya ba mu ɗa namiji, yanzu uwar mijina ta matsa sai an kai shi an yi masa baftisma, babana kuma ya ce ina, yaron da bai san hagu da dama ba me zai tuba a kai. Abin da ya ɗaure min kai shi ne dukansu Ayyukan Manzanni sura 16 suke buɗe min. Dan Allah wa ke da gaskiya? Daga wata mai jego a Yola.

Amsa: 'Yata barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana shi. Toh bari mu buɗe wurin tare. A aya 15 an yi wa Lidiya baftisma ita da mutanen gidanta, a aya 33 kuma mai tsaron kurkukun Filibi ya wanke wa Bulus da Sila raunukansu cikin daren nan aka yi masa baftisma shi da dukan nasa. Surukarki za ta ce gida guda a wancan zamanin har da bayi da barori a ce babu ko goyo ɗaya? Babanki kuma zai nuna miki aya 32, cewa sai da aka faɗa wa kowa a gidan maganar Ubangiji tukuna, jariri kuwa ba ya jin wa'azi. Kin ga Luka, wanda ya rubuta littafin, bai ce akwai jariri ba, bai kuma ce babu ba, kowannensu da abin da ya riga ya yarda baftisma take nufi ya shigo cikin surar.

Su Lutheran da Katolika da Anglikan a wurinsu baftisma aikin Allah ce a kan mutum, alheri ne da yake fara zuwa tun kafin mutum ya iya cewa komai, shi ya sa suke riƙe Markus 10:14, ku bar yara su zo wurina. 'Yan Reformed irin cocin CRCN na wajen Takum da Wukari su ta alkawari suke bi, Allah ya umarci Ibrahim a yi wa kowane ɗa namiji kaciya yana kwana 8 (Farawa 17:12), sai su haɗa da Kolosiyawa 2:11-12 su ce yaran masu bi ma 'yan alkawari ne. Kuma ba sabon abu ba ne, tun wajen shekara ta 200 Tertuliyan na Kartej, wani malamin ikkilisiyar farko, yake ba da shawara a jinkirta wa yara, wato dai ana yi ke nan a lokacinsa.

Ɓangaren babanki kuwa, EYN da ECWA da Baptist, su baftisma shaida ce ta wanda ya riga ya ba da gaskiya, Ayyukan Manzanni 2:38 ku tuba a yi muku baftisma, tuba ce a gaba. Kada ki ɗauka taurin kai ne kawai, mutane sun mutu a kan wannan, a 1527 hukumar birnin Zurik a Suwizalan ta nutsar da wani mai wa'azi Felix Manz a kogi har ya mutu saboda baftismar manya, kuma ikkilisiyar da ta haifi EYN ɗinku ta fara ne a 1708 a Jamus da mutum 8 da suka shiga kogi aka yi musu baftisma suna manya, kafin ta iso Garkida a 1923. Shi ya sa har yau a EYN ake durƙusar da mutum cikin ruwa a nutsar da shi sau uku.

Ni dai abin da yake damuna shi ne ki bar tsofaffi biyu suna jan yaron ku kuna kallo. Ke da mijinki ku zauna ku tsai da inda za ku riƙa sujada kowace Lahadi, inda yaron zai shiga Sande sukul, sai ku bi koyarwar wurin da zuciya ɗaya. In Lutheran ce a yi masa, amma ku sani alkawarin da za ku ɗauka a gaban jama'a na renonsa har ya kai ajin tabbatarwa, inda zai furta bangaskiyarsa da bakinsa, ba wasa ba ne. In EYN ce a miƙa shi ga Allah a yi addu'a. Ku kuma tambayi faston tun yanzu ko za a nemi ya sake baftisma in ya koma ɗaya ɓangaren da girmansa, don nan ne rigimar takan sake tashi. Wanda ba a bi nasa ba cikin iyayen naku ku je har gida ku biyu ku yi masa bayani, kada ya ji a bakin wani.