Kuɗin binciken kwantam a fannin lafiya: ta wace ƙofa ɗan Kebbi zai shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin fiziks ne a wata jami'a a nan jihar Kebbi. Ina yawan jin cewa ƙasashen waje na zuba kuɗi a fasahar kwantam don binciken lafiya. Mutum irina, da ba shi da ɗakin gwaji na a zo a gani, zai iya samun rabo a ciki, ko namu kallo ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Don amfanin sauran masu karatu, kwantam fannin fiziks ne da ke nazarin halayen abubuwa mafi ƙanƙanta, kamar ƙwayar zarra da ƙwayar haske. Kuɗi kam akwai. A 2018 Amurka ta kafa dokar da ta ware kimanin dala biliyan 1.2 na shekara biyar, Tarayyar Turai kuma ta buɗe shirin yuro biliyan 1 na shekara goma. Birtaniya ta sanar da fam biliyan 2.5 a 2023, a 2024 ta kafa cibiyar Q-BIOMED, wadda aikinta na'urorin awo na kwantam ne don asibiti. Ƙungiyar Wellcome Leap mai tallafa wa binciken lafiya ma ta fito da shirin Q4Bio na kwamfutar kwantam a 2023: dala miliyan 40 na bincike, da miliyan 10 na kyauta.

Sai dai gani ba ci ba ne. Yawancin wannan dukiya gwamnatoci sun ware ta ne don jami'o'insu da kamfanoninsu, saboda suna kallon kwantam a matsayin harkar tsaro. Ko a Turai, inda ɗan Najeriya kan shiga shirye-shiryen bincike da dama a biya shi, sanarwar tallafin kwantam sau da yawa a kulle take ga 'yan gida. Idan ka zauna kana rubuta takardar neman tallafi kai kaɗai a matsayin jagora, ɓata dare kawai za ka yi.

Ƙofarka tana wani wuri. Fasahar kashi biyu ce. Akwai kwamfutar kwantam, wadda ake fatan wata rana ta taimaka wajen ƙera magani. Har yanzu tana rarrafe, kuma za ka iya koyonta kyauta ta intanet da manhajar Qiskit ta IBM. Sannan akwai na'urorin awo, su ne suka kusa da gadon majiyyaci, su nake so ka sa wa ido.

Ɗauki zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar idan ta shiga jan jini tana cin sinadarin da ke cikinsa, ta bar wani baƙin tsaki da ake kira himozoyin, wanda ke amsa maganaɗisu kaɗan saboda ƙarfen da ke cikinsa. A ɗaya ɓangaren akwai lu'ulu'un da ake ƙerawa da 'yar tawaya da gangan: a cire ƙwayar kabon, a sa ta naitirojin, a bar gurbi a gefenta. Idan aka haska shi da koren haske sai ya mayar da ja, kuma ƙarfin jan yana sauyawa gwargwadon maganaɗisun da ke kusa. A 2019 masu bincike a Jami'ar New Mexico sun auna tsakin himozoyin da wannan dabara. A 2020 wasu a Landan suka sa garin irin wannan lu'ulu'u a tsinken gwaji na takarda, ya gano alamar ƙwayar HIV da ta yi wa tsinken yau da kullum ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne lu'ulu'un yana aiki a zafin ɗaki, ba ya neman ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili kamar tsofaffin na'urori.

To, mai lu'ulu'u a Landan ba shi da sauron maleriya. Kai kana da shi. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna yara 49 cikin 100 da aka duba jininsu a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar maleriya, adadin da ya fi na kowace jiha. Leƙa ɗakin gwajin jini na kowane babban asibiti a Birnin Kebbi ko Argungu cikin watan Agusta: gilasan jini jere a kan tebur suna shan iska, ma'aikaci ɗaya ya kafa ido a madubin ƙara girma tun safe yana ƙirga ƙwayoyi. Duk na'urar da aka ƙera a Turai, sai an gwada ta da aikin wannan bawan Allah kafin a yarda da ita. Abin cinikinka ke nan.

Saboda haka fara daga gida. Nemi likita ɗaya da masanin gwajin jini ɗaya, ku nemi tallafin binciken cikin jami'a na TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, ku samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ku tara bayanai masu tsafta. Daga nan sai babban asusun bincike na TETFund, wanda ake fara nema da gajeriyar takardar manufa. Don horo, cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a Tiriyeste ta Italiya a 1964 tana ɗaukar masana fiziks daga ƙasashe irin namu, TWAS kuma, wato ƙungiyar masana kimiyya mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, tana ba da ƙananan tallafi na sayen kayan aiki. Shirin EDCTP na Turai da Afirka yana biyan gwajin hanyoyin gano maleriya, kuma a can kalmar kwantam ba ta da wani kwarjini, gano cutar ake tambaya.

Idan kun samu abokan aiki a waje, Malam, kar kunya ta hana ka magana tun farko. Sunanka ya shiga cikin masu binciken, kason jami'arku ya fito a rubuce a kasafi, har da kuɗin sola da firjin ajiye jini. Na ga inda aka kwashe samfuri aka tafi, aka bar mutanen gida da layi ɗaya na godiya a ƙarshen takarda. Kuma duk shafin da ya ce ka biya kuɗin rajista kafin a ba ka tallafi, rufe shi. Waɗanda na lissafa ba sa karɓar ko sisi wajen nema.