Amsa: Sauya birkin baya na tsohuwar CG125 zuwa na faifai

Malam, ka tambaya ko za a iya cire birkin ganga na bayan tsohuwar CG125 ɗinka, wato babur ɗin nan na Honda, a sa na faifai. Ana iyawa, amma aikin ya wuce ɗaura faifai kawai. Cibiyar ƙafar bayanka ba ta da mazaunin faifai, sai ka nemo wata ƙafar sukutum, kuma dole sarƙa ta zauna a miƙe da sufuroket ɗinta. Sannan ga kalifa, wadda ke matse faifan idan an taka birki, da ƙarfen da zai riƙe ta kada ta juya da taya, ga tukunyar man birki da tiyo, ga walda a jikin firam kusa da feda. Waldar nan ita nake tsoro, don idan ta saki a kan kwalta, sai dai Allah ya kiyaye.

Ni dai da birkin gaba zan fara, shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Na bayan kuwa idan ya cika kamu, taya ce za ta ja ƙasa a yashi.

Kafin ka kashe kuɗi, sa bakanike ya buɗe gangar, ya goge ƙyallin cikinta da sanfefa, ya sa sabon shu, wato abin da ke kama cikin gangar, ya ɗan shafa giris a sandar da ke buɗe shi, ya ƙara ɗaure notin saita birkin. Ka gwada sati guda tukuna.