Laftof ɗina ta fara nauyi, in ɗauki sabuwa in tura wa ƙanwata tsohuwar?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Jamus ne ya turo min wannan tambayar. Ya ce shekararsa uku a can yana aiki a wani sito na kaya, kuma shekara ɗaya da wata takwas da suka wuce ya sayi laftof irin matsakaiciyar nan, mai injin Core i5, RAM (wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita) giga 8, ma'ajiyar SSD giga 256, ba mai tsada ba kuma ba ta ƙasa-ƙasa ba. Yanzu wai ta fara nauyi, fankarta na ihu, batir ba ya kai awa biyu, abokan zamansa kuma suna ta zuga shi ya ɗauki babba ya riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata. Ga ƙanwarsa a gida ta shiga jami'a tana roƙonsa kwamfuta, ga sabunta takardar zama nan da wata biyu. Shi ne yake tambaya ko ya sayi sabuwa ya tura mata wannan.

To ƙanena, Allah ya saka da alheri da ka tuna da ƙanwarka, amma kafin maganar saye ko turawa akwai abin da ya fi damuna a saƙonka, shi ne ka ce duk takardunka suna cikin kwamfutar nan, kuma ban ji ka ce akwai kwafinsu a wani wuri ba. Wannan shi ne na farko, yau ɗin nan, ba gobe ba. Mu da ke zaune a ƙasar wasu laftof ba abin kallon fim ba ne kawai, ita ce ofishinmu, a ciki hoton fasfo yake, da katin zama gaba da baya, da kwantiragin aiki, da takardun albashi na wata-wata, da yarjejeniyar haya, da shaidar inshorar lafiya, duk abin da ofishin baƙi zai iya cewa ka kawo. Ka buɗe folda guda ka sa mata suna takardu, ka jera komai a ciki a matsayin PDF, kowane fayil ka rubuta masa suna da wata da shekara yadda ko cikin dare aka tashe ka za ka gane shi, kada ka bar su da irin sunan nan na lambobi da waya ke sakawa. Sannan ka kwafe foldar a filashi ka ajiye a jakar da fasfonka yake, ka kuma ɗora wani kwafin a intanet. Google Drive na ba da giga 15 kyauta, OneDrive giga 5, takardun mutum ɗaya ko kusa da haka ba za su kai ba.

Ba ji na yi ba, a kaina ya faru. Akwai shekarar da saura kwana huɗu in je sabunta tawa takardar, da daddare na danna kwamfuta ta ƙi tashi, ƙaramar fitilar gefe ce kawai ke ƙyaftawa. Na kai wa mai gyara ya canza wani abu a cikinta, da ta tashi sai ga shuɗin allo yana neman mabuɗin BitLocker, wato makullin da Windows ke sa wa ma'ajiyar kwamfuta, lambobi 48, ni ko sanin akwai su ban yi ba. Ashe Windows ta kulle ma'ajiyar da kanta tun ranar da na shiga da asusun Microsoft, mabuɗin yana can cikin asusun, asusun kuma yana ɗaure da tsohon layin wayar da na daina amfani da shi. Kwana biyu ina fama kafin na samu shiga, wallahi ko barcin kirki ban yi ba. Don haka ka shiga asusunka na Microsoft yanzu ka nemo mabuɗin nan ka rubuta shi a takarda da biro, ka kuma duba lambar wayar da imel ɗinka ke tura wa lambar tabbatarwa, in tsohon layi ne ka canza tun kana iya shiga.

Sai maganar nauyi. Gaskiya kwamfuta mai i5 da SSD da ba ta kai shekara biyu ba ba ta tsufa ba, yawanci cika ta aka yi. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, a kibod ɗin Jamus Strg za ka gani a rubuce maimakon Ctrl, zai buɗe maka wurin da ke nuna abin da ke cin ƙarfinta. Ka duba RAM, in kana ganin kashi 85 ko 90 cikin ɗari alhali burauza ce kawai a buɗe to ka gano ciwon, giga 8 a kan Windows 11 tana yi amma da ƙyar take numfashi in ka buɗe shafuka ashirin ga WhatsApp ga kiran bidiyo. A nan wurin kuma akwai jerin manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da ka kunna, rabinsu ba ka ma san da su ba, ka kashe waɗanda ba ka buƙata. Ka duba ma'ajiyar ita ma, 256 ba ta da wuyar cika musamman ga mu da ake turo wa bidiyo daga gida kullum muna saukewa, in layin ya koma ja to ka kwashe bidiyoyin zuwa wani wuri ka bar mata sarari.

Abu ɗaya da zai iya canza ta gaba ɗaya shi ne ƙarin RAM zuwa 16, amma ba kowace ke karɓa ba, wasu an like musu RAM ɗin a jikin allo ba ya cirowa, wasu kuma akwai gurbi guda a buɗe. Juya ta ka karanta lambar samfurin a ƙasa ka bincika. In tana da gurbi to an gama, aikin minti goma ne a hannun wanda ya iya.

Ihun fanka kuma, ina da tabbacin a kan gado kake ɗora ta, kusan dukkanmu haka muke yi in an dawo daga aiki a gajiye, ɗakin ma ba wani teburi. Iskar da take sha ta ƙasa take shiga, bargo na toshe ramukan yana kuma cusa mata zare-zare da ƙura, in ta yi zafi sai injin ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone, kai kuma ka ga kamar tsufa ne. Ko faranti ko babban littafi ka sa a ƙarƙashinta za ka ji bambanci. Kuma in za ka buɗe ta ka kama murfin ta tsakiya, kada ka riƙa fizgo shi ta gefe ɗaya, matsakaitan nan jikinsu roba ne kuma wurin maƙalin murfin ne ke fara karyewa.

Batir dai abu ne mai ƙarewa, ba laifinka ba ne. In kana so ka san gaskiyar halinsa ka buɗe baƙin allon umarni na Windows, wato Command Prompt, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera shi da shi da wanda ya rage masa yanzu. In ya sauko kusan rabi sai a canza batirin kawai ba kwamfutar ba. Lenovo da ASUS da Dell duk suna da manhajar da ke tsayar da caji kafin ya cika maƙil, in kullum a jone take ka kunna wannan, yana ƙara wa batir kwana.

Yanzu ka nemo rasit ɗinka, don akwai haƙƙin da 'yan'uwanmu da yawa ke bari ya wuce su. A ƙasashen Tarayyar Turai duk sabon kayan da ka saya a hannun ɗan kasuwa doka ta ba ka shekara biyu, a Jamus sunanta Gewährleistung, kuma daban take da garantin da kamfanin da ya ƙera ke bayarwa don ra'ayin kansa. Wurin wanda ya sayar maka za ka koma. A wata 12 na farko ana ɗauka da matsalar kayan ya zo, bayan haka kai ne za ka nuna cewa ba kai ka jawo ba, kuma raguwar batir ta yau da kullum ba ta cika shiga ciki ba, amma in fankar ce ke ƙara irin ta lalacewa ko maƙalin murfi ya tsage ba faɗuwa ta yi ba, saura maka wata huɗu, ka je ka gwada. Sai dai ka kula da abu biyu, in za ka kai ta to kada ka fara kwance ta da kanka, sannan in sun karɓa tana iya yin makonni a wurinsu kuma suna iya goge komai, ga shi kana da ranar ofishin baƙi a gabanka. Shi ya sa na fara da maganar kwafi. Rasit ɗin ma kada ka yar ko bayan haka, in kana amfani da kwamfutar don aiki ko neman aiki ana iya saka wani kaso na kuɗinta a takardar haraji.

Maganar ɗaukar babba a bashi kuwa, ni ban goyi baya ba sam. Me za ka yi da ita? Cike fom, tura takardar neman aiki, darasin Jamusanci, kiran Mama a bidiyo ranar hutu, kallon ƙwallo. Duk wannan matsakaiciya na yinsa ba tare da ta yi gumi ba, manyan nan na masu haɗa bidiyo ne da masu zanen gini da masu gem. Kuma biyan wata-wata a Jamus ba ƙaramin abu ba ne, in aiki ya tsaya ka kasa biya har magana ta yi nisa tana iya shiga bayananka na SCHUFA, wato kamfanin da ke ajiye tarihin biyan bashin mutane a Jamus, gobe ka je neman gida mai gida ya ce ka kawo takardar, ka ga ka sayi wahala da kuɗinka. Mutumin da ke shirin nuna wa hukuma cewa yana iya riƙe kansa ba lokacin ƙara wa kansa bashi ba ne. Abokan da ke zuga ka ba su za su biya ba.

To ƙanwarmu fa? Ra'ayina ka bari ka gama da takardarka tukuna, wata biyu ba shekara ba ce, ka kira ta ka yi mata bayani da bakinka yadda ba za ta ga kamar ka share ta ba. Bayan nan hanya biyu ce. Ko ka gyara wannan ka riƙe, ita ka nemo mata irin na ofis da aka yi amfani da su aka sabunta, su ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, suna da ƙwari kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu, ko kuma kai ka riƙe waccan ita ka ba ta wannan. In za ka sayi ta hannu ka saya wurin ɗan kasuwa mai ba da rasit, a nan doka ta ba ka aƙalla shekara ɗaya, mutum ɗaiɗai kuwa yana iya rubuta cewa ba ruwansa bayan ciniki. Ka tabbata injin Intel ɗin daga zubi na 8 ne zuwa sama, don Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar waɗanda suka girmi haka a hukumance, su ne ake ta zubarwa da araha yanzu, kada a liƙa maka.

In kuma wannan ɗin za ka tura, don Allah kada ka tura mata gajiyayyen batir, ɗaliba ce za ta riƙa yawo da ita aji zuwa aji ba kullum za ta samu wurin caji ba, ka canza shi kafin ta tafi. Ka cire asusunka, ka mayar da Windows sabuwa fil ka zaɓi a goge komai har da share ma'ajiya, ba don ba ka yarda da ƙanwarka ba, a'a, kwamfuta na shiga hannu da yawa, ƙawaye za su ara, mai gyara zai buɗe, hoton fasfonka da lambar asusun bankinka bai kamata su yi wannan yawon ba. Ka mayar mata da harshen zuwa Turanci. Kibod ɗin kuma na Jamus ne, Y da Z sun yi musanyar wuri, in ta sa tsarin Turanci ko na Hausa za ta danna inda aka rubuta Y ta ga Z ta fito, musamman wurin faswod da ba a ganin abin da ake rubutawa abin na rikita mutum, ka saya mata sitikar haruffa ka liƙa tun daga nan. Ka kuma ƙara mata kibod ɗin Hausa, yana cikin Windows, da shi za ta samu ƙ da ɗ da ɓ.

Wajen kaiwa, ka ba amintaccen mutum mai tafiya ya sa a jakar hannu, batirin laftof irin wannan bai kai iyakar ƙarfin batir ta 100Wh da jiragen sama suka sa ba, amma batir na daban wanda ba a jikin kwamfuta yake ba ba a yarda a sa shi a akwatin da ke shiga ƙasan jirgi ba. Cajar tana ɗaukar wuta daga volt 100 zuwa 240, a rubuce yake a jikinta, bakin filogin ne kawai zai iya bambanta, ka haɗa mata da adafta a cikin jakar. Ka ɗauki hoton lambar siriyal da ke ƙasan kwamfutar ka ajiye a wayarka, ka tura mata kwafin rasit ɗin ta WhatsApp.

Ka turo min lambar samfurin da abin da rahoton batirin ya nuna, sai mu ga ko tana karɓar ƙarin RAM. Allah ya sa a sabunta takardar cikin sauƙi, ka gaishe da Mama in kun yi waya.