Warin fumfuna ya ƙi barin motata tun ruwan Yuni

Tambaya daga wani mai karatu a Nima, Akra: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2012. Tun ruwan watan Yuni take wani irin wari kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ya fi tsanani da safe da kuma in na kunna eyakwandishan. Sau biyu ina kai ta wurin wanki, na rataya turare, uwargida har turaren wuta ta yi mata, amma bayan kwana biyu sai ya dawo. Ƙaramar 'yata tari take yi duk lokacin da ta shiga. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, Malam. Akwai ruwa kwance a wani wuri cikin motarka, kuma muddin yana nan warin ba zai tafi ba. Fumfuna tana fara tofowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu a kan duk abin da ya jiƙe bai bushe ba, ga laimar Akra daga Afrilu zuwa Yuli ba ta barin komai ya bushe da kansa. Mai yiwuwa wankin nan biyu ƙara maka aiki suka yi, domin yawancin masu wanki suna tsoma kujera da kafet da ruwa, su goge sama, su rufe gilashi su miƙa maka makulli.

Fara da ƙasa. Cire tabarmin roba, ka ninke tsohuwar jarida ka ɗora a mazaunin ƙafa, ka taka da diddige da ƙarfi, gaba da baya, dama da hagu. Saman kafet yakan ruɗi mutum, ka taɓa ka ji a bushe, alhali akwai wani soso mai kaurin yatsa a ƙarƙashinsa da ke riƙe ruwa makonni. In jaridar ta fito da danshi, ka samo wurin. Buɗe but ka ɗaga safaya, ramin nan yakan tara ruwa idan robar murfi ko ta fitilar baya ta saki. Gilashi da ke yin raɓa daga ciki da asuba shi ma shaida ne.

Tunda ka ce warin ya fi tashi in ka kunna eyakwandishan, shi muka fi zargi. A bayan dashbod akwai wani ƙaramin lagireto mai sanyi da masu gyara ke kira ibaforeta. Iska mai laima na bi ta kansa, ruwa na taruwa a jikinsa kamar gumin kwalbar ruwan sanyi, ya gangara ta wani ɗan tiyo ya zuba ƙarƙashin mota ta ɓangaren fasinja. Ajiye motar a kan busasshen siminti, ka bar eyakwandishan yana aiki minti 15, sannan ka leƙa. Ya kamata ka ga ruwa yana ɗiga har ya yi ɗan tabki. In ba ka ga ko ɗigo ba, tiyon ya toshe da ƙurar hunturu da ta zama laka, ruwan kuma yana komawa kan kafet ɗin fasinja. Ana buɗe shi da siririn roba mai laushi ko iska kaɗan daga ƙasa. Kada ka yarda wani yaron gareji ya zura waya mai kaifi, in ya huda ibaforeta sai an sauke dashbod gaba ɗaya.

Sauran ƙofofin ruwa ba su da wuyar dubawa. Ƙarƙashin waifa, inda gilashin gaba ya haɗu da bonet, akwai magudana da ganyen darbejiya ke cikawa. Kwarara babbar gorar ruwan Voltic a wurin, ruwan ya kamata ya fito bayan tayar gaba nan take. Kaɗa kowace ƙofa, in ka ji ruwa na motsi a ciki to ramukan ƙasanta sun toshe. Akwai kuma ledar da ke bayan murfin ƙofa, wadda masu sa sifika da masu gyaran gilashi kan yage su ƙi mayarwa. Idan ruwan da ka taras yana da launi, da santsi a yatsa, da ɗan ƙamshi mai zaƙi, kuma ruwan lagireto na raguwa, to hita ce ke yoyo a cikin dashbod, wannan aikin makanike ne.

Bayan an toshe hanyar ruwa sai bushewa, kuma a nan mutane suka fi yin ƙwauro. In soson ya jiƙe sosai, dole a kwance kujerun gaba a ɗaga kafet. A cire kan batir mai alamar ragi tukuna, a jira minti uku, saboda fulogi mai ruwan ɗorawa da ke ƙarƙashin kujera na jakar iska ne, wadda ke kare mutum in an yi haɗari. A shanya kafet da soso a rana kwana biyu zuwa uku, a goge ƙarfen ƙasan motar, a bar ƙofofi a buɗe. In hadari ya hana rana, a kafa fanka ta tsaye ta kwana tana hurawa. Soson da ya yi baƙi, ko wanda ruwan kwata ya shiga, kamar yadda ke faruwa ga motocin da ambaliyar kogin Odaw ta ritsa da su wajen Circle da Alajo, a yar da shi kawai. Ba ya wankuwa, kuma za ka sami wani a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai ko wurin masu ɗinkin kujerar mota.

Wajen wanke fumfunar kanta, a yi a fili, da takunkumi da safar hannu. A fara zuƙe busasshiyar da injin zuƙar ƙura. Sai a haɗa farin ruwan kal rabin lita da ruwa rabin lita a kwalbar feshi, a gwada a wani lungu don ganin ko launi zai canza, a fesa sama-sama, a bari minti 20, a goga da burushi mai laushi, a danne da busasshen tawul har ya daina ɗaukar danshi. Idan ya bushe sarai, a barbaɗa bekin soda kamar cikin gwangwanin madara ɗaya a kafet da kujerun yadi, ya kwana, a zuƙe da safe. Kada a haɗa bekin soda da ruwan kal lokaci guda, kumfa kawai za su yi su kashe ƙarfin juna. Parazone kuwa, wato ruwan bilicin wanki, kada ya shiga motar ko kaɗan: yana cin launi, yana raunana bel ɗin kujera, in kuma ya haɗu da ruwan kal yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Bel a jawo shi duka, a wanke da sabulu mai sauƙi, a maƙale shi ya bushe kafin a sake shi. Rufin ciki a goge shi da tsumma mai ɗan laima, in ya jiƙe gam ɗinsa zai saki ya rufto.

Filtar iskar ciki tana bayan akwatin da ke gaban fasinja, cire ta ba ya kai minti biyar. Ka sa sabuwa, ka bi kibiyar da ke gefenta, ka riƙa canzawa duk shekara bayan hunturu. Kafin a sa ta, mai gyaran eyakwandishan ya fesa kumfar wanke ibaforeta, a bar ta ta narke ta fito ta tiyon da aka buɗe. Daga nan ka mai da shi ɗabi'a: saura minti biyar ka isa gida, kashe sanyin ka bar fanka da ƙarfi tana jawo iskar waje, ibaforeta ya kwana a bushe.

Wasu wuraren wanki suna da injin ozon. Yana kashe ragowar wari bayan an gama duk wannan, amma kada kowa ya zauna ciki yana aiki, a kuma buɗe ƙofofi aƙalla awa ɗaya bayansa. Mai araha shi ne gawayi cikin buhun yadi a ƙarƙashin kujera.

Maganar yarinya ita ta fi damunmu. Kada ta shiga motar sai an gama, in kuma tarin ya ci gaba ko ka ji ƙirjinta yana shaƙewa, ka kai ta asibiti ka gaya wa likita zancen fumfunar.

In ka duba ko'ina ba ka gano inda ruwan ke shiga ba, yi gwajin tiyo tun kafet yana waje. Kai ka zauna ciki da tocila, wani ya riƙa kwarara ruwa daga ƙasan ƙofa yana hawa sama a hankali, minti biyu a kowane wuri, har ka ga inda ɗigon farko ya ɓullo.